Gaisuwar Fiffike a Saman Gonar Tattasai

Zuwa ga ɗana, Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan Allah ya sa kana cikin rahamarsa a makwancinka. Ni ina nan Diffa, a gidan da ka sani. Gwiwoyi sun ƙi, ido ya rage gani, amma hannu yana riƙe alƙalami har yanzu. Tun da mahaifiyarka ta bi bayanka ba ni da abokin shawara, shi ya sa na zo gare ka.

'Yarka Falmata ta gama lise, wato sakandare. Ta zo ta durƙusa gabana, ta ce tana so ta koyi tuƙin jirgin sama, irin aikinka. Har an ba ta gurbi a wata makaranta a ƙasar waje. Uwarta ta ce ita ba ta da ta cewa, maganar tana hannuna. Ran Juma'a za ta dawo jin amsa. Da ta gama magana na jira in ji tsoro ko fushi. Ban ji kome ba. Sai na tambaye ta ko ta ci abinci.

Kana tune da jirginka, ɗan ƙarami, wanda kake feshin tsuntsayen jan-baki da shi idan sun taso wa gero. Duk ranar da aiki ya biyo da kai ta kwarinmu, sai ka sauko ƙasa-ƙasa a saman gonata ta bakin kogin Komadugu, ka karkata fiffike hagu, ka karkata dama, ka wuce. Gaisuwarka ke nan. Tun daga nan har Chétimari an san ta. Masu ban ruwa su saki fartanya su ɗaga hannu. Ni kuwa in tsaya kamar ba ruwana, don kada a ce Mushe, yadda ake kiran mu malaman boko, yana taƙama da ɗansa, amma hannun yakan tashi da kansa.

Na taɓa tambayarka ko sama sumul take. Ka yi dariya, ka ce: "Baba, sama ma tana da gargada, kamar hanyar Gueskérou." Ka ce idan rana ta take, zafin rairayi yana tura jirgi sama, da ka shigo saman lambuna masu sanyi sai ka ji ya sulale ƙasa, hanjinka ya taso wuya. Ka ce wannan jijjiga ce kawai, ana sabawa. Wadda ba a sabawa da ita, in ji ka, ita ce iskar da ke gaban hadari.

Ranar da abin ya faru muna dashen tattasai. Hadari ya haɗo a gabas, amma da nisa, mu rana ce a kanmu. Ko ganye ba ya motsi. Muka ji kukan injinka kana komawa filin jirgi, ka taho ƙasa-ƙasa yadda ka saba. Sai wata iska mai sanyi ta buge mu kwatsam, ta cire mini hula. Jirgin ya yi sama kaɗan. Fiffike ya karkata hagu, ya karkata dama, ya sake karkata, fiye da kullum.

Duk gonar ta miƙe. Mata suka rangaɗa guɗa. Malam Mustafa, maƙwabcina na gona, ya ce mini: "Mushe, yau gaisuwar ɗanka har da gyara." Na yi dariya. Na ɗaga hannu sosai, don a ranar ban ji kunyar kowa ba.

Ka shige bayan goribobin can, ba ka fito ta ɗaya gefen ba. Ƙarar ba ta da yawa, kamar an yar da kwano a gidan maƙwabta. Mutane suka ruga. Sai da Malam Mustafa ya kama hannuna ya sauke shi, sannan na san yana sama.

A zaman makoki wani abokin aikinka ya zauna kusa da ni. Na ce ya faɗa mini abin da ya faru, kada ya saya. Ya ɗauki buta ya tsiyaya ruwa a ƙasa, ruwan ya bugi ƙasa ya fantsama ko'ina. Ya ce haka iska mai sanyi take zubowa daga hadari, ta yi gaba da nisa tun ruwa bai iso ba. Da farko ta tari jirgi ta gaba ta ɗaga shi, sai ta danno shi daga sama, sai ta koma bayansa, fiffike ya rasa abin da zai dogara a kai. Ya ce wanda yake can sama yana da sararin da zai gyara. Wanda yake kusa da ƙasa ba shi da shi.

Na yi shekaru ina koyarwa a lakwal, makarantar boko, na san bayani mai kyau idan na ji shi. Na yi masa godiya. Bai faɗi abin da ya sauko da kai kusa da ƙasa ba. Ni ma ban faɗa ba. Aka kawo shayi muka sha.

Ban yi kuka ba, Abba, har yau. Mutane suna cewa Mushe akwai tawakkali. Ban sani ba. Yanzu jirage ƙanana sun yawaita a garin nan, na masu kawo agaji. Idan ɗaya ya wuce ina zaune a zaure, ina jin sa kamar yadda nake jin injin niƙa. Abu guda dai, hannuna na dama nakan danne shi a ƙarƙashin cinya.

Falmata tana goye aka yi wannan. An ba ta labarin hatsarin, amma gaisuwar aka fi ba ta. Da ta zo, ta ce mini: "Kaka, ranar da na fara tashi, ta saman gidanka zan bi in gaishe ka irin na babana." Tana faɗa tana murmushi da haƙoranka.

Na juya maganar a raina. Idan na hana ta, za ta zauna, yarinya ce mai biyayya, ta riƙa bin jirage da ido yadda ka yi tun kana ƙarami. Na ga wannan idon sau ɗaya, na san ba ya warkewa. To, ga abin da zan ce mata, na fara sanar da kai don kai ne ubanta. Zan sa mata albarka, ta tafi. Ta ji tsoron hadari ko da ta gan shi da nisa. Kuma idan hanya ta biyo da ita ta kwarin nan, ta yi sama sosai, ta wuce miƙe. Ba na son gaisuwa. Idan na hango jirgi can ƙololuwa, ƙanƙane, fiffikensa bai motsa ba, zan san ita ce.

Allah ya jiƙan ka, ɗana, ya haskaka kabarinka da na mahaifiyarka. Allah ya riƙe Falmata a inda babu abin riƙewa, ya sauko da ita lafiya kowace rana. Ya kyautata tawa idan ta zo. Amin.

Ka huta lafiya.

Mahaifinka,
Mushe Kiari