Na Ce Masa Da Sauƙi

Yaya Sharfaddeen,

Bayan gaisuwa, yaya Inna da su Fauziyya? Ina lafiya, kafaɗar da ta goce a hatsarin motar nan na Bi'ir Ali ta koma.

Sai dai kaina ya ɗaure. Likitan inshora ya tambaye ni jiki da barci, na ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Ashe ya rubuta na warke. Abokina Jabir ya ce har firgita ana biyan diyyarta. Ni kuwa har yau a ƙafa nake zuwa jami'a, na kasa shiga mota. In koma wurin likitan in ƙaryata godiyata ga Allah?

Ka ba ni shawara. Kada Inna ta ji, ita ma da sauƙi na ce mata.

Ƙaninka,
Abdulrauf, Madina