Shamuwa Ta Dawo Ba Ta Tarar Da Tsamiya Ba

Zuwa ga yayana, marigayi Malam Haruna Mai Hoto.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ƙane yake yi wa wansa, da fatan Allah Ya haskaka makwancinka, ina rubuto maka ne a kan tsamiyar ƙofar gidanmu na Zango. Na san takarda ba ta zuwa inda kake. Na sa ta a shafin da nake ɗora hotunan tsuntsaye ne don dangi su gani, tunda yanzu sun fi sauraron waya a kan sauraron tsoho.

Ga yadda al'amarin yake a taƙaice. Bayan rasuwarka an raba gidan mahaifinmu. Gaban gida ya faɗa wa 'ya'yanka, har da tsamiyar. Garkar bayan gida kuwa aka bar ta ba a raba ba. Da kakar bara na tafi Kano aka cire mini yanar da ta rufe idona na dama. Na dawo ina gani tangaram, abin da na fara gani kuwa kututture ne. An sare ta, Yaya. Babban ɗanka Kabiru ne ya kira masu inji, gidan burodi ya kwashe itacen, aka jera shaguna a wurin.

Ka san ba inuwa nake wa kuka ba. Tun kafin mu yi wayo shamuwa take sheƙa a kan tsamiyar nan. Baba ba ya tambayar kowa yaushe damina za ta faɗi. Ranar da ya ga ta sauka, da baƙin bayanta da farin cikinta, ranar zai ce a fito da fartanya a duba iri.

Inna takan yi mita a kan kashin da take zuba mata a shanya, amma ba ta taɓa yarda an jefe ta ba. Takan ce, “Ba a korar baƙo don ya ɓata tabarma.”

A ƙarƙashinta ka koya mini riƙon kyamara. Abincinka hoton 'yan makaranta ne da maniyyata, amma kowane fim sai ka rage ƙarshensa don tsuntsaye. Ka hana ni sa farar riga. Ka ce in bar rana a bayana, in ajiye kaskon ruwa, in zauna kamar ba don su na zo ba. Ina tuna maganarka: “Mutum kake ce wa ya gyara hula. Tsuntsu kuwa kai ne za ka gyara masa zama.” Da haka muka ɗauki kurciya tana shan ruwa, da cilakowa a kan danga, da marai yana saƙa yana rataye kai ƙasa. Mutanen gari suna dariya wai muna ɓata fim a kan hoton da babu mai zuwa karɓa.

Na aika aka kira mini Kabiru. Ya zo, ya cire takalmi, ya durƙusa, ladabinsa cikakke kamar yadda ka bar shi. Sai ya ce, “Wallahi Baffa, ba mu taɓa tsamiyar shamuwa tana nan ba. Sai da muka jira ta yaye 'ya'yanta ta tafi.”

Wannan magana ta fi saran yi mini ciwo. Da ya ce bai sani ba, da na ce ƙuruciya ce. Ashe ya san ba a sare bishiyar da shamuwa take kai. Ya riƙe al'adar kamar mai jiran maigida ya tafi kasuwa sannan ya kwashe masa jinka, in an tambaye shi ya rantse bai taɓa shi ba. Ya jira ta tafi kudu, ya jira ni ma na tafi Kano. Abin da kakanninmu suka ajiye don kare baƙuwa, shi ya mayar ma'aunin lokacin sara.

Ba zan zalunce shi a gabanka ba. Filin nasa ne a shari'a, yana da iyali, zamani kuma ya tsananta. Amma da ya rage shago ɗaya, da tsamiya tana nan tana yi wa sauran inuwa. Ba laifinsa kaɗai nake gani ba. Tsofaffin da muka ƙare rayuwa da su a gindinta bayan la'asar suna zaune aka tayar da injin. Babu wanda ya kira ni. Da aka gama sai suka ja bencinsu zuwa barandar shago, suka ci gaba da hira daga inda suka tsaya.

Da bazara ta tsananta, hadari ya fara leƙowa daga gabas, sai ga shamuwoyin sun dawo. Ina ƙofar gida da hantsi. Suka yi ta kewaya wurin, su yi ƙasa su koma sama. Daga bisani ɗaya ta sauka a kan kwanon shago da tsinke a baki. Kwanon ya ɗau zafi, tana ɗaga wannan ƙafa tana sauke waccan, ba ta saki tsinken ba. Na ɗauke ta, Yaya, don hannun da ka horar ba ya jiran izinin zuciya. Ban taɓa ɗaukar hoto mai kyan wannan ba, ban kuma nuna wa kowa ba. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wannan ta ja mana ruwa shekara da shekaru, mu muka doke ta.

Allah da ikonSa, ba ta yi fushi da mu ba. Ta koma kan gawon nan na ƙarshen garka, wanda ka ce haskensa bai da kyau da yamma. Yanzu haka akwai 'ya'ya a sheƙar, ina jin kukansu daga zaure.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Labari ya iso mini cewa bayan girbin bana za a yanka garkar filaye, har an yi magana da masu injin nan. Ba a faɗi rana ba, amma na san ta: ranar da shamuwa ta tashi. Likita ya ce in koma da kaka a yi mini idon hagu. Na aika masa cewa ya yi haƙuri, bana ba ni da tafiya.

Saboda haka, a gabanka, ina miƙa roƙo ga 'ya'yanka da nawa da duk mai haƙƙi a garkar nan. Ina da rabo a cikinta. Ba na son na bakin hanya. A ba ni kwarin da gawon yake, inda ruwa yake kwanciya, wanda na san babu mai so. 'Ya'yana sun nuna rashin jin daɗi, na ji, na kuma gode musu da suka faɗa a gabana. Ina roƙon dattawan unguwa su zama shaida, ina kuma neman haɗin kan kowa a kan wannan. In an ba ni, ni ma kada a jira tafiyata ta ƙarshe a sare gawon.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya haɗa ka da Baba da Inna a inuwar da gatari ba ya kai wa. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya sa mu cika da imani.

Wassalam.

Ƙanenka,
Malam Idi, Zango.