Baƙuwar da Ke Zuwa Wurin Torao

Fukue, tsakiyar watan Yuni

Zuwa ga ƙanwata Kinuyo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da gwiwar nan taki mai sanin zuwan ruwa kafin masu rediyo su sani. Yaya Osaka da hayaniyarta, yaya surukarki mai zuba sukari a miya? Mu nan damina ta tsare mu, shanya ba ta bushewa, tabarmin ɗaki har sun fara wari.

Kin tambayi mijin yayarki. Torao yana nan a gidan kula da tsofaffi na bayan tashar jirgin ruwa, tun hunturun da ya fita neman kwalekwalen da ya sayar da daɗewa. Yana ci, yana barci. Idon kuwa sai abin da ya ƙaru, inuwa kawai yake gani. Farkon kai shi, ina shiga ɗakin zai ce, "Ke, shayi," yadda ya saba tun da aka kai ni gidansu. Kin san bai taɓa kiran sunana ba, ina jin ya ɗauka haraji ake biya a kansa. To tun wajen watan Afrilu ya daina. In shiga, in zauna, in ɓare masa lemo, ya karɓa da hannu biyu, ya sunkuyar da kai, ya ce ya gode da ɗawainiya. Kinuyo, ni Torao yake yi wa godiya. Likita ta ce haka ciwon yake tafiya, kuma zuciyarsa ta gaji. Ni abu ɗaya nake so, ya san ni ko sau ɗaya ne kafin ya tafi.

Bari in bar wannan in ba ki labarin abin da aka yi wa fuskar yayarki. Jikata Chinatsu, wadda ke aiki a shagon kayan kwalliya a Fukuoka, ta zo hutu lokacin da itatuwan sakura suka yi fure. Ta tarar kumatuna sun tsage suna ƙaiƙayi, saboda takunkumin fuskar da ake sa mu ɗaura in za mu shiga wurin tsofaffin. Ta riƙe haɓata tana juyawa kamar mai taya kifi a kasuwa, ta ce, "Kaka, fatarki kuka take yi." Na ce fata ba ta da baki, in ma tana da shi tuwon dankali za ta nema. Yarinyar nan ta ɗauke mini 'yar jakar dusar shinkafar da nake wanke fuska, da kwalbar man gashina na 'ya'yan itacen tsubaki, ta ɗora su can saman kabad inda sai da tsani, ta jere mini kwalabe kamar kantin magani.

Sabulun farko ba a goga shi a fuska. Akwai wata 'yar raga da ake murza shi a ciki har ya yi kumfa cike da tafin hannu, sannan a ɗora kumfar a hankali, wai kada yatsa ya taɓa fata. Ni da na shekara saba'in ina dirzar fuskar nan kamar gindin tukunya, yau ake ce mini in lallaɓa ta kamar awara. Bayan shi sai wani ruwa a doguwar kwalba. Na zuba a hannu, na duba, na sunsuna, na ɗan lasa ma da ta juya baya. Ruwa ne, Kinuyo. Ba launi, ba ƙamshi, irin wanda ke zuba daga indararon gidanmu kyauta. Da na ji kuɗinsa sai da na nemi wuri na zauna. Wai rashin ƙamshin shi ne tsadar, don ƙamshi yana cin fata. Man shafawa haka, sabulun gashi haka. In na fito daga wanka yanzu ko kyanwa ba ta san na wuce ba.

Wanda ya kusa kashe ni shi ne farar takardar nan jiƙaƙƙiya da ake mannawa a fuska, mai ramin ido da na baki. Da safe na durƙusa gaban teburin da muke tunawa da magabata, na kunna turare, na buga ƙararrawa, na juya, sai ga farar fuska tsaye a ƙofa tana kallona. Na ce shi ke nan, uwar mijina ce ta dawo duba ko na goge ƙura. Har na fara ba ta haƙuri kafin fuskar ta ce, "Kaka, ina kika sa almakashi?"

Amma gaskiya ɗaya ce, ƙaiƙayin ya tafi, kumatun sun yi laushi har ina jin kunyarsu. Kada ki gaya mata na ce haka.

Ki gaishe da yaran. Ki riƙa ɗumama gwiwar.

Yayarki,
Fusae


Fukue, bayan bikin magabata na Agusta

Kinuyo ƙanwata,

Ina gaishe ki da zafin nan, da fatan ba ya hana ki barci. Wasiƙarki ta iso, na ga kin ce in aiko miki hoton sababbin kumatu. Ba za ki gani ba. Mun kunna wa Baba da Inna fitilu a makabarta, na gaya musu kina gaisuwa kuma har yanzu rowar kuɗin jirgi kike yi.

Chinatsu ta zo bikin da wata dabara. Ta ga hoton aurenmu a bango, ta ce tunda kakanta ya koma zama a shekarun baya, wataƙila amaryar hoton yake nema. Na ce amaryar nan ni kaina ban san ta ba, farar ƙasa aka yaɓa mata har wuya. Ta ce ita dai in zauna.

Ta buɗe akwati. Ta shafa wani abu, ta bi shi da wani, wai na farkon shimfiɗa ne don na biyun ya sami wurin kwanciya. Ta ɗauko wani ƙaramin awartaki ta nufo idona, na ce in haƙori za ta cire ta yi ƙasa kaɗan. Ashe gashin ido ake lanƙwasawa da shi. Ta zana mini gira inda tawa ta daɗe da yin ƙaura, ta ɗiga ja a kumatu, ta sa jan baki mai launin cikin kifi. Hodar kuwa ko nauyinta ba a ji. Da ta miƙo madubi, na ga wata mata irin masu karanta labarai a talabijin, na kusa tashi in ba ta matashi. Duk tabon ranar da na kwaso a gonar dankali ya ɓace. Na ce, "'Yar nan, ina kika kai ni?" Ta ce, "Kina ciki, Kaka." Maƙwabciyata Sueko ta gamu da ni a hanya, ta rusuna, ta tambaye ni ko gidan wa nake nema.

A wurin tsofaffin suka yarda in cire takunkumi in zauna nesa kaɗan, kusa da taga. Torao ya ga farin abu a gabansa. Kinuyo, mutumin nan ya miƙe zaune, ya gyara wuyan riga, ya shafa 'yan gashin da suka rage. Ya ce, "Sannu da zuwa, uwargida. Daga ofishin gari kike?" Na buɗe baki zan ce ni ce, sai shaiɗancin nan nawa da kika sani ya motsa. Na siranta murya na ce e, mun zo jin yadda iyali suke.

Sai ya fara magana. Mutumin da kalmominsa a gida ba su wuce shayi, wanka, abinci ba. Ya ce yana da mata, baƙa ce kamar butar da aka manta a wuta, bakinta ba ya hutawa ko tana barci. Na ce a raina za ka gane kurenka. Ya ce amma duk tsibirin nan ba mai yanka taliya siririya kamar tata. Ya ce akwai wani matajin katako da ya kawo mata daga Nagasaki, ya ce mata a jirgi ya tsinta, alhali taba ya daina sha har ya tara abin sayensa. Kin san matajin, wanda a da nake jiƙawa a man tsubaki. Shekara da shekaru ina tsefe kaina da shi ina tausayin matar da ta yar. Ya ce in ta shigo gida, ko bai juya ba ya san ita ce.

Muka fito. Chinatsu na ta share hawaye, ni kuwa haushi ne ya cika ni. Wato duk maganar nan tana cikinsa, sai ga baƙuwa mai farar fuska zai amayar? Kishin kaina nake yi, kin taɓa jin irin wannan?

Kafin ta koma na sa ta koya mini zanen girar. Na koma sau da yawa a matsayin matar ofis. Girar takan fito ɗaya sama ɗaya ƙasa, amma shi ba gani yake ba. Na tatso labarai da yawa, wasu sai mun haɗu.

Ki sha ruwa sosai. Ina gaida kowa.

Yayarki,
Fusae


Fukue, ƙarshen Satumba

Kinuyo,

Ina fatan kina lafiya, kuma guguwar da ta wuce ba ta yi muku ɓarna ba. Mu ta ɗauke mana rufin rumbu kawai.

Wasan ya ƙare. Torao ya rage cin abinci. Ranar da na je da kwalliyar nan ya ce, da ladabi, uwargida ta yi haƙuri ta daina zuwa, mutane za su yi magana. Sai ya ce tunda ni ta ofis ce, ko zan taimaka in bincika masa inda matarsa take. Wai tun lokacin fure ba ta leƙo ba. Ya ce bai ga laifinta ba, shi ma bai iya zama da mutum ba.

Na shiga banɗakinsu na wanke fuskar tas, na dawo na kama hannunsa na ce, "Tsoho, ni ce Fusae." Ya zare hannun a hankali, ya ce ya gode da ɗawainiya.

Ban taɓa fashin zuwa ba, Kinuyo, ke shaida ce. Amma in ya tafi yanzu, zai tafi da cewa na yar da shi. Ba ni da labarin dariya yau.

Yayarki,
Fusae


Fukue, watan Oktoba

Zuwa ga ƙanwata Kinuyo,

Gaisuwa da fatan alheri. Sanyi ya fara shigowa da safe, ki fito da bargon gwiwa. Na ga kin ce za ki sayi tikitin jirgi. Ki saya, amma ki zauna tukuna ki karanta wannan.

'Ya'yan tsubaki sun yi kyau bana. Ni da Sueko muka tsince na bayan gida, muka shanya, muka ɓare, muka kai wurin matsa. Kin tuna yadda wurin yake in an turara su, ƙamshin nan mai kama tufafi har kwana biyu. Ina tsaye ina tara man a kwalba, hannuna sharkaf, sai aka kira daga gidan tsofaffi wai numfashinsa ba daidai ba, in zo. Ban nemi ruwa ba, ban nemi raga ba, balle kumfa. Na goge hannuwan a gashina yadda Inna ta koya mana don kada mai ya tafi a banza, na shiga motar ɗan Sueko da wandon gona da takalmin roba.

Na tarar an sa masa robar iska a hanci an cire, ya ɗan farfaɗo, yana kwance ya juya wa ƙofa baya. Na sunkuya in gyara masa bargo. Bai juyo ba. Sai na ji ya ja hanci, ya sake ja. Ya ce, "Ke. Shayi."

Kinuyo, nan take na nufi butar shayi. Yarinyar da ke kula da shi ta ce ko in zauna ita ta kawo, na ce ta kuskura ta taɓa butar nan. Ina zubawa, ya ce, "Ina kika shiga tun watan Afrilu?" Na ce ina saman kabad. Bai gane ba, ni ma a lokacin nake ganewa. Mutumin da ba ya gani, da hanci yake nemana, ni kuwa na bi na wanke kaina da abin da ba ya warin komai, na zo ina zama gabansa kamar gilashin taga.

Ya kurɓi shayin, ya ce ganyen ya yi yawa. Can ya rage murya ya ce, "Wata mata ta yi ta zuwa nan, fara fat. Na gaya mata ina da iyali." Na ce na ji labari, har da na mataji. Ya ce matar nan ba ta da sirri.

Na kira Chinatsu na gaya mata. Ta yi ta kuka tana cewa ita ta jawo. Na ce ta yi mini shiru, in ba don kwalabenta ba da yanzu fuskata ta zama bayan kada, kuma da na mutu ban san taliyata ta fi ta kowa ba. Mun yi rabo: daga goshi zuwa haɓa nata ne, gashi kuma na Torao. Ɗan Sueko ya hau tsani ya sauko mini da tsohuwar kwalbar.

Likita ba ta canza magana ba, zuciyar tana nan yadda take. Wata rana yakan san ni, wata rana sai na kai kaina dab da hancinsa. Amma yana cin abinci, kuma jiya ya yi mini faɗa a kan rufin rumbu.

Na sa miki kwalbar sabon mai a cikin kwalin nan, da takardun fuskar nan guda biyu. Ki manna ɗaya da safe ki tsaya wa surukarki a ƙofar kicin. In za ki zo ganinsa, ki shafa man a kai tun daga jirgi, in ba haka ba zai ɗauka ofis ne suka sake turo wata.

Yayarki mai ƙaunarki,
Fusae