Hotunanka na Gefe Guda

Zuwa ga ɗana na fari, a Yamai,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana samun sauƙi. Innarka ce daga Tawa, da hannuna nake rubutawa. Na sa wasiƙar inda jama'a za su gani, don in na kira ka a waya ba ka ɗauka sai ka gyara murya.

Hoto shida ka aiko tun ƙaramar salla. Na dube su ɗaya bayan ɗaya. Duka ta gefen dama aka ɗauke ka. Kunnen hagu, inda kansar fatar take, ban gan shi ba ko sau ɗaya. Na ƙarshen ma da rawani, kai da ko ranar aurenka ba ka naɗa ba.

Zabiya Allah ya yi ka, rana ba ta taɓa raga maka ba. Na tuna shekarun da kake kabu-kabu da babur, in bi ka ƙofar gida da malfa, kai kuma ka rataye ta a wuya. Gyambon ya fara kamar ƙwayar gero. Aka yanke, ya dawo kamar goro.

Da aka fara sa maka maganin nan na ƙarin ruwa, gyambon ya motse, har na yi sadakar fura. Amma ban manta abin da lokotoro, likitan asibitinmu, ya faɗa ba kafin ya tura ka Yamai: irin wannan cuta takan saba da magani, in ta saba kuwa, saurinta ya fi na da.

Ƙanwarka Hadiza, da Hausa kake rubuta mata a da. Tun da na gama ajin yaƙi da jahilci ka koma Faransanci. In na tambaye ta, sai ta ce gaisuwa ce. Gaisuwa har layi ashirin? Jiya tana riƙe da waya tuwo ya ƙone a gabanta.

Na san abin da ka dogara da shi. Ɗan fari ne kai. Shekara talatin ban kira sunanka ba, ban taɓa duban idonka na tambaye ka jikinka ba. Ka ɗauka kunya za ta zaunar da ni a Tawa har a kawo mini labari.

Ranar Alhamis zan shiga motar Yamai. Ban ce ka warke kafin in iso ba. Rawanin kawai za ka kwance.

Allah ya karya ƙarfin cutar nan, ya sa a dace da wani magani. Allah ya ba ka lafiya, Yusufu. Ga shi na rubuta, kowa ya gani.

Innarka,
Rabi