Gwangwanin Ɗanbala da jar saniyar Baba

Titirou, Parakou
Ƙarshen watan Safar, 1967

Zuwa ga Yayana Usuman, a Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa da yayanta, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Yaya Rabi'atu da yara. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a cinikin goro. Mu nan muna lafiya. Inna ta ji sauƙin ƙafarta, har ta taka zuwa sunan jikar Azumi a Guéma, ta dawo tana faɗa wai tuwon bai ji wuta ba, ka san in ta fara kushe girki to ta warke. Kullum sai ta ambace ka bayan sallar asuba.

Yaya, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ƙanenmu Lado, kuma raina a ɓace yake. Ka san tun rasuwar Baba shi ke riƙe da sana'ar kilishi. Bana shirwa ta addabe shi, da ya shanya nama a gadon kara sai ta sauko ta yi gaba da shi, gafiya kuma ta huda ɗakin ajiya. Wannan gaskiya ne, na gani da idona. To a kasuwar Arzèkè ya haɗu da wani mutumin Djougou, wai shi Ɗanbala, mai cewa ya yi soja zamanin Faransa. Mutumin ya zo gida da bindigogi biyu a naɗe cikin tabarma, ya ce Lado ya zaɓa. Ɗaya bindigar toka ce, ɗayar siririya mai sheƙi, wadda suke kira karabin, lamba ashirin da biyu. Ya ce ta toka za ta tashi unguwa, ta kuma watsa ƙarfe cikin nama. Ita siririyar harsashinta bai kai ɗan yatsana ƙarami ba, ba ta naushin kafaɗa, ƙararta kamar an karya kara. Ni kuwa na lura ta tokar duk tsatsa ce, an kawo ta ne kawai don ɗayar ta yi kyau a ido.

Aka fita bayan gida don gwaji, ni ina leƙe ta katanga. Ɗanbala ya ciro gwangwanin tumatir mai lotsawa a gefe daga jakarsa, shi ya taka ya ɗora shi a kan kututture can nesa, shi ya auna, shi ya harba, shi kuma ya je ya ɗauko yana nuna huda a tsakiya. Lado ya riƙe baki. Gwangwanin nan kuwa, Yaya, ko motsi bai yi ba a kan kututturen. Da Lado ya nemi ya gwada da hannunsa, sai mutumin ya ce harsashi na wuyar samu, kuma bindiga ba ta son hannu biyu kafin a yi ciniki. Lado ya bi shi har Djougou ya sake kallo, ya dawo yana ba da labarin irin wannan harbi, kuma da na tambaya ya ce eh, gwangwanin tumatir ne, mai lotsawa a gefe.

Da Ɗanbala ya sake zuwa ranar Laraba na fito da tsohon kwanona na ce a ɗora shi, ni zan ajiye. Nan take fuskarsa ta sauya, ya ce mace ba ta kusantar wurin harbi, tana karya hannun maharbi. Lado, ɗan da na goya, ya ce in koma ciki kada in ba shi kunya. Na tambayi takardar izini ta jandarma, a wannan zamani da sojoji ke ta sauya gwamnati, Ɗanbala ya ce yana da mutane, zai kawo daga baya. Ban yarda da shi ba ko kaɗan. Wanda ya yi soja da gaske ba ya tsoron kwanon mace.

Ga inda abin ya shafe ka. Ɗanbala ya ce saniya yake so, Lado kuma ya yi masa alkawarin jar saniyar Baba, ita kaɗai da ta rage mana, wadda nononta Inna ke dama fura da shi. Ba mu gaya wa Inna ba. Na tafi ruga da kaina na sami Idrisu, Bafulatanin da ke kiwonta tun Baba na da rai. Ya ce shi amana ya karɓa ta 'ya'ya uku, ba ya sakin igiya sai babba ya yi magana. Amma ya ce in suka tashi bin ciyawa bayan Mauludi ba tare da ya ji daga bakinka ba, namijin da ke gida shi ne babba, dole ya miƙa wa Lado. Don Allah, Yaya, kada ka yi irin jinkirin nan naka. Ka rubuto wa Malam Abduljalil limami cewa kada a saki saniyar, ya karanta wa Idrisu a gaban shaidu. Ban hana Lado bindiga ba, shirwa na cutarsa, amma ya sayi wadda ya harba da hannunsa.

Ka gaishe da Yaya Rabi'atu, da Tani, da ƙaramin Baƙo. Inna na sa muku albarka, Hajo da Azumi na gaisuwa. Lado bai san na rubuto ba.

Direban kamiyo, babbar motar kaya, zai ba ka ɗan ƙunshi tare da wannan takarda. Gwangwanin ne, na zare shi ranar Larabar nan daga jakar Ɗanbala sa'ad da ya shiga alwala, awa guda bayan ya sake harbinsa ya ce ya huda shi. Ka sa yatsa a hudar, Yaya, ka ga tsatsar da za ta biyo ka.

Ƙanwarka mai jiran amsa,
Zinariya