Man Shafawar Da Kika Aiko

Zuwa ga maiɗakina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina tambayar lafiyarki, da ƙafar Inna, da yara. Ki sani da hannuna na rubuta wannan, ba wanda ya kama mini alƙalami.

Yanzu ni ne mai wanke kwalaben ɗakin bincike, kuma ba kowa ake ba wa wannan amana ba. A cikinsu masana ke kiwon wasu ƙwayoyin halitta da suka ƙera da kansu. In sun sami ɗumi da abinci, kowace takan rabu biyu. In ruwansu ya gurɓata, sai su takure.

Man ya iso. Ranar da na shafa, shugabarmu ta tare ni a ƙofa: "Malam, ko kai ko man nan, ɗaya zai shiga. Maiƙonsa na taɓa kwalba, ƙwayoyin sun daina haihuwa."

Hannuwana sun ɗan tsage, amma ba abin damuwa ba ne. In kin ji ba na shafawa sai ranar hutu, kada ki zaci raini ne. Sauran ranaku nakan buɗe murfin in shaƙa, in rufe da sauri, don ƙamshin ya kai ni ranar dawowa.

Allah ya yi miki albarka.

Mijinki