Na'urarku Ba Ta San Lalle Ba

Zuwa ga Shugaban asibitin unguwarmu, Dilimi, Jos.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina fatan kana lafiya, da iyali da aiki. Ka yi haƙuri da na tare ka da ƙaramar magana, na san manyan al'amura ne a gabanka. Ni ma ban saba kai ƙara ba.

Na farko. Shekara da shekaru ina karɓar maganin hawan jini a tagarku. Da kuka kawo na'urar dangwala yatsa, don an ce magani na ɓacewa, na yi murna. Ba ta da ɗan'uwa, ba ta cin goro, ba ta tsawa. Har yau ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba. Jar fitila kawai take kunna mini, cikin ladabi.

Na biyu. Watan jiya na aurar da 'yata Safiya, aka sa mini lalle kamar sauran iyaye. Da na zo karɓar magani, na'ura ta ce ba ni ba ce. Sista Rifkatu da ke tagar ta san ni tun ina goyon amaryar. Ta je bikin, ta ci waina, har ta yaba lallen. Ta yi mini ban gajiya, sannan ta ce durowar magani ba ta buɗewa sai fitila ta yi kore. Maganina kuwa ga shi, ina kallonsa ta gilashi.

Na dirje yatsan da lemon tsami da toka har ya saɓule. Yanzu kuma an ce fatar ce ta lalace. Aka ce a sake mini rajista, sai dai oga mai lambar sirri ya tafi taron koyon yadda na'ura ke sauƙaƙa wa jama'a. Wata maƙwabciya ta ce za ta ce nata maganin ya zube, ta karɓo mini. Na ƙi, don ƙarya ce.

Na uku. An karantar da mu cewa da shaidar adilai biyu ake ɗaura aure. A tagarku kuwa Sista ta shaide ni, mai gadi ya shaide ni, layi guda ya shaide ni, duk ba su kai darajar ƙwaya ɗaya ba. Ban ce a cire na'ura ba, ta ci gaba da gadinta. Amma ranar da ta rikice, wa ke da ikon ce mata ta yi kuskure?

Roƙona a ba Sista wannan ikon. Ta buɗe, ta sa hannu, in ya so a tambaye ta daga baya. Sannan a sanar da mata wane yatsa ne na asibiti, mu bar shi fari ranar biki.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya raba ka da tsayuwar taga. Don Allah ka amsa mini da wuri. Ɗan abin da ya rage mini rabi-rabi nake sha, kaina kuma ya fara sarawa.

Wassalam.

Hajara (Maman Safiya), Dilimi.